Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Majalisarmu: Mu Je Mu Dawo Da Baffa Bakin Wuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena dattawa, yayyena, sa'o'ina da ƙannena, har da 'ya'yanmu samari da suka fara zama tare da mu a 'yan shekarun nan, ina gaishe ku da kyau. Yaya sanyi? Na san amsar da za ku ba ni, lokacinsa ne. Allah ya nuna mana wucewarsa lafiya.

Na zaɓi in rubuto muku ne saboda sau biyu ina buɗe baki a kan maganar Baffa, dattijonmu, a majalisarmu ta hira, sau biyun ba a bar ni na kai aya ba. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi sunan unguwa ba, don na tabbata abin da ke damun majalisarmu a nan cikin birnin Zariya yana damun wasu a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Wanda ya ga kansa a ciki ya yi haƙuri da ni, ni ma ina ciki.

Yau kwana goma sha tara ke nan Baffa bai zauna tare da mu ba. Wurin da yake jingina a jikin dakali yana nan, ba mai zama, ba kuma mai son kallonsa. Duk wanda ke wurin a daren ya san abin da ya faru. Ana gardamar siyasa, murya ta hau murya, sai Baffa ya yi gyaran murya ya fara ba da labarin zaɓen 1979, shekarar da Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci gwamnan tsohuwar jihar Kaduna alhali jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokoki. Yana so ne ya gaya mana yadda 'yan jam'iyyun biyu na unguwar nan suke fita kamfe da rana kamar za su cinye juna, da dare kuma su zo su miƙa hannu a kan wuta guda. Bai kai rabin labarin ba wani yaro ya ce, "Baba, wannan ai tsohon zance ne." Aka kwashe da dariya. Baffa bai ce uffan ba. Ya tashi a hankali, ya naɗe buzunsa, ya ce, "Sai da safenku," ya shige gida. Ashe wani ya kunna waya yana ɗauka. Washegari muryar dattijon da ya yi wa iyayen wasunku walicin aure tana yawo a wayoyin unguwa, an haɗa ta da kiɗa.

Ina zaune a wurin. Ban yi dariya ba, amma ban tsawata ba, kuma shirun nan nawa ya hana ni sakat har yau.

Ku samari, ku ba ni aron kunnenku in ba ku labarin wutar da Baffa yake nufi, don ba ku tarar da ita ba, kuma duk abin da na sani na ladabin zama da mutane a bakinta na koye shi.

Mu da muka tashi a shekarun 1970, hunturu yakan same mu ne an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, kara na zube a gonaki. Sai wata safiya a wayi gari ko'ina ya yi fari fat, dutsen Kufena da muka saba hangowa ya ɓace cikin hazo, rana ta fito kamar farantin tasa, kana iya kallonta ido cikin ido. Sai da na girma na karanta cewa yawancin ƙurar nan daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, ana ce masa Bodele, inda tsohon tafkin Chadi ya taɓa malala kafin ya ƙafe. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta, ta ratso Nijar, ta zubo mana. Busasshiyar iska ce, ba girgije a sama da zai tare zafin da ƙasa ta sha da rana, shi ya sa da dare ya yi zafin ke tserewa, sanyin kuma ya fi cizo gab da asuba. A lokacin ba mu san wannan bayani ba. Abin da muka sani shi ne faso a dunduniya, leɓe ya tsattsage, Iya tana narka man kaɗe a tafin hannu tana murza mana a ƙafa, da ruwan randa da in ka tsoma hannu don alwala sai ka ji har cikin ƙashi. Shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, 1976, aka zuba mu makarantar boko da gajeren wando, wasunmu kan tafi da gwangwanin madara da aka huhhuda, an sa masa mariƙin waya, da 'yar garwashi a ciki, muna lilo da shi a hanya don kada ta mutu.

Ɗakunanmu na ƙasa ne, katanga mai kauri, rufin azara, suna riƙe ɗumin rana har tsakar dare. Ɗakin bulo da kwano da muke alfahari da shi yanzu, da rana tanda ne, da dare randa. Duk da haka magidanci ba ya shigewa ɗaki da an idar da Isha'i. Akwai wutar ƙofar gida.

Aikinmu ne mu yara tara mata abinci. Da an yi La'asar za mu bazama, wani ya ɗauko kara, wani kirare, manya kuma su faskara itace. Baffa a lokacin ƙarfinsa ke nan, shi ne mai gatari. A wurinsa na fara sanin cewa itace suna ne ya tara. Karan dawa na kunnawa ne kawai, ya tashi bal-bal ya haske fuskar kowa, kafin ka juya ya zama toka. Marke shi ne itacen kirki, wutarsa da ƙarfi, garwashinsa da daɗewa. Ƙirya, wadda maƙera ke son gawayinta, in aka samu gungumenta aka kafa shi a tsakiya sai ya kwana yana ci a hankali, da asuba ka tona toka ka tarar da jan rushi a ƙasa. Kuka ba ta da amfani a wuta, jikinta soso ne. Tumfafiya ba a sa ta. Ɗanyen itace kuwa hawaye kawai zai sa ka. Ɗorawa da kaɗanya masu rai ba a kai musu gatari, saboda daddawar miya da man da ake shafa mana daga jikinsu suke fitowa, sai dai reshen da ya bushe ya faɗo da kansa.

Yanzu ku dubi yadda ake zama. Dattawa sukan zauna ta ɓangaren da iska ke fitowa, bayansu ga iska, hayaƙi ya yi gaba. Mu yara muna ɓangaren da hayaƙin ke bi, kusa da tarin itace, mu ne masu iza wuta, amma ba ma izawa sai an ce a iza. Ba a gitta tsakanin mutum da wuta, sai dai ka zagaya ta bayansa, kana sunkuye, kana cewa gafara dai. Ba a tonon wuta ana cikin magana, don tartsatsi zai tashi ya faɗa kan rigar wani, hankalin jama'a ya bar mai magana ya koma kan mai kakkaɓe riga. Wanda ya kawo dami guda da wanda ya zo hannu rabbana duk ɗumi ɗaya suke ji, kuma ban taɓa jin an goranta wa wani ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zuwan baƙo. Da an ji sallama daga cikin duhu, kafin ma a gane ko wane ne, sai ka ga kowa ya ɗan ja da baya, da'irar ta buɗe. Duk wanda ya ja baya ya rage wa kansa ɗumi, ya kuma san da haka, amma sai an ja kafin baƙon ya sami wuri. Shekaru bayan haka, da malaminmu ya kai mu aya ta 11 a Suratul Mujadala, inda Allah yake umartar muminai su yalwata wa juna a majalisai shi ma zai yalwata musu, ban sha wuyar fahimta ba. Na riga na ga fassararta da idona. Haka hadisin da ya hana mutum ya tayar da ɗan'uwansa daga mazauninsa don shi ya zauna. Baƙon kuma ba a yi masa tambayar abin da ya kawo shi sai ya zauna, an gaisa, an tambayi gida da iyali da gajiya, tafin hannunsa ya yi ɗumi.

Wuta guda ce, saboda haka fuska guda kowa ke kallo. Ba ka da inda za ka juya baya, don bayanka sanyi ne da duhu. Duk wanda za ka yi wa magana kana ganin idonsa cikin hasken, kana ganin yadda maganarka ta sauka a fuskarsa. Mutum ba ya iya zagin wanda yake kallo a haka sai in zuciyarsa ta bushe. Kuma hira guda ake yi. In dattijo yana magana, wanda zai sa baki sai ya jira ya numfasa, sannan ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, kada in katse ka." In mutum biyu suka fara raɗa a gefe, kallo ɗaya mahaifina zai yi musu su bari. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum biyu su keɓe da ganawa su bar na uku, don hakan yana ɓata masa rai.

Akan binne dankali ko rogo a cikin toka tun farkon dare. Ƙamshinsa yana dukan hancinka, cikinka na kuka, amma ba ka isa ka tono ba. Sai dattijo ya sa tsinke ya soka ya ji ya nuna, ya fito da shi, ya bubbuge tokar, ya ɓare, ya fara miƙa wa ƙaramin cikinmu. Ranar da aka yi sa'a wani ya dawo daga wajen Maƙarfi, ƙasar rake, da mazarƙwaila, to ranar sallah ce. Na sha tunani a kai, yaron da ya iya jiran dankali na sa'a biyu yana kallon wurin da aka binne shi, ba zai gaza jiran babba ya gama magana ba.

A cikin gida kuma akwai wata wutar, ta ɗakin kakarmu, kasko ne da garwashin da aka kwaso daga murhu bayan an sauke tuwo. Nan mata da ƙananan yara ke taruwa. Ku lura da yadda ake fara tatsuniya. Mai bayarwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Ba za ta ci gaba ba sai an amsa mata, "Ta zo mu ji ta." Izini ta nema, aka ba ta. Da ka amsa kuwa ka ɗauki alkawarin saurare ke nan, ko ka san labarin Gizo da Ƙoƙin nan sau goma, har sai ta kai ƙurunƙus. Mun sha jin tatsuniya guda a kowane hunturu, ba wanda ya taɓa ce wa kaka tsohon zance ne.

Labarin duniya ma yana da nasa ladabi. Rediyo ɗaya ce a majalisar, in lokacin labaran Rediyon Kaduna ko na BBC ya yi, tari ma sai ka danne. In aka gama, sai a rufe don tsimin batir, sannan a tattauna. Idan kuwa mutum ya zo da labari daga kasuwa ko tasha, wane ya mutu, wane an kama shi, gari kaza ana faɗa, mahaifina yana da tambaya guda: "Gani ka yi ko ji ka yi?" In ji ne, a bakin wa? Sau da yawa labarin a nan yake mutuwa. Wannan ita ce aya ta 6 a Suratul Hujurat, a bincika labari kafin a cuci wasu cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Yau labari na shigowa majalisarmu ta wayoyi ashirin a lokaci guda, ban ji mai yin tambayar nan ba.

Kada ku ɗauka ina cewa komai na da alheri ne. Wutar nan ta cutar da mu ita ma. Iyayenmu mata da suka ƙare rayuwarsu a gaban murhun duwatsu uku, a ɗakin girki marar taga, da yawansu sun tsufa da tari da ciwon ido. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa hayaƙin girki da makamantansa a cikin gidaje yana kashe kimanin mutum miliyan 3 duk shekara a duniya. Garwashi ko gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, mutum ya kwanta yana jin daɗin ɗumi, jiri ya kwashe shi, barcin ya zarce. Gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi don mai jego, haɗe da wankan ruwan zafi da kunun kanwa, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yana da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Akwai ƙanwata da har yau take da tabon ƙuna a gwiwar hannu. Ba kiran a koma wa waɗannan nake yi ba.

Haka nan a wajen magana. Akwai majalisun da yaro ba shi da baki ko kaɗan, ko gaskiya ce da shi sai ya haɗiye. Iyayena da yayyena, a nan zan juyo gare ku, ku gafarce ni. Mu ma muna da laifi. Mukan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, gaskiya ne, amma mun mai da karin maganar sanda, duk yaron da ya buɗe baki sai mu kwaɗa masa. Yaran nan sun san abubuwan da ba mu sani ba, suna fama da rashin aiki da tsadar rayuwa irin wadda ba mu gani ba a shekarunsu. Wanda ya gama jami'a shekara biyar yana tuƙa babur ɗin haya, in ya zo majalisa da zafin rai, "yaran zamani" ba amsa ba ce. Kuma yaushe rabon da mu zaunar da su mu koya musu? Mu an koya mana ne muna ɗauko kara. Su sun tarar da benci da wayoyi, kowa da nasa hasken a tafin hannu, ba abin da ya tilasta musu kallon fuskar wani. Baffan da aka yi wa dariya, shi ne mutumin da a bakin wuta yakan juyo ya ce da ni, ina ɗan shekara goma sha biyu, "Kai ɗan boko, me aka ce muku a makaranta yau?" Ya kuma saurara har in gama.

To ga abin da nake roƙo.

Waya ba laifi ba ce, nima ina da ita. Amma majalisa amana ce. Kada a ƙara ɗaukar muryar kowa ko hotonsa sai da saninsa da yardarsa, babba ne ko yaro. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle wadda aka ɗauka aka raba wa duniya. Wanda ya ɗauki Baffa, ina roƙonsa don Allah ya goge, waɗanda aka tura wa su ma su goge. Mai son kallon bidiyo ya sa abin kunne ko ya ɗan matsa gefe, kada ya ƙure murya ana tsakiyar hira. In kira ya shigo, a ce gafara a tashi.

Mu tuna majalisarmu a bakin hanya take. Da sahabbai suka ce ba su da makawa sai sun zauna a hanyoyi, Annabi ya ce su ba hanya haƙƙinta: runtse ido, kame cutarwa, amsa sallama, umarni da kyakkyawa da hani daga mummuna. Na san matan aure da 'yan mata a unguwar nan da suke zagaye mai nisa ta bayan layi, cikin duhu da sanyi, don kawai kada su gitta ta gabanmu. Sun san da sun wuce za a bi su da ido, a bi su da baki. Ɗaya daga cikinsu 'yar ƙanena ce, ita ta gaya mini. Kunya ta rufe ni ranar.

Akwai kuma maganar da a wannan zamani ta wuce batun ladabi, ta zama batun rai. Wane ya sayar da buhu kaza na masara, wane an biya shi kuɗin sallama, ɗan wane ya aiko daga Saudiyya, Alhaji wane gobe zai bi hanyar Birnin Gwari. Duk mun san halin da ƙasar nan take ciki, mun san masu garkuwa da mutane ba duba suke yi ba, gaya musu ake yi. Ba na zargin kowa a cikinmu, amma majalisar bakin hanya ba ta da ƙyaure, kuma wanda ya ji zai faɗa a wani wurin ba da mugun nufi ba. Dukiyar mutum da tafiyarsa su daina zama abin hira.

Gardama kuwa ba na cewa a daina, majalisar da ba gardama ai makoki ce. A yi ta siyasa, a yi ta ƙwallo, a yi wasan da muka gada. Bakano ya zo mu taɓa shi ya taɓa mu, Bafulatani da Babarbare su yi nasu, wannan barkwanci ne mai ƙa'ida, kowa ya san iyakarsa, ba ya shiga iyaye, ba ya shiga aibin da ke jikin mutum ko talaucinsa. Abin da ke faruwa yanzu daban ne. Mutum ya soki ɗan takararka sai ka ce an saye shi. Ya saɓa maka a mas'alar addini, wadda kai da shi duk ba ku zauna gaban malami a kanta ba, sai ka fitar da shi daga Musulunci, gobe kuma ku haɗa sahu. Tun zaɓen 2023 akwai mutum biyu a majalisar nan da ba sa gaisawa, gidajensu katanga ɗaya. Aya ta 11 da ta 12 a Hujurat sun hana izgili da jifa da munanan laƙabi da zato da bin diddigi da cin naman juna, kusan dukkanmu mun haddace su.

Sai wutar kanta. Na ga abin da ake ƙonawa a 'yan kwanakin nan in sanyi ya matsa: tsohuwar taya, leda, robar ruwa. Baƙin hayaƙin nan guba ne, yana shiga gidajen maƙwabta inda jarirai da masu asma suke kwance, kuma ba mai iya zama kusa da shi ya yi hira. Na san itace ya yi tsada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin dakon komai ya tashi, gas da kananzir suka fi ƙarfin gidaje da yawa, jama'a suka koma gawayi, dazuzzuka na ta ƙarewa. Amma dami guda da mutum ashirin za su kewaye bai fi ƙarfinmu ba in aka yi karo-karo, ga kara a gonaki, ga rassan darbejiyar layinmu da ke bukatar sassabe a bar su su bushe. In damina ta faɗi kuma mu biya bashin. Manoman yankin Maraɗi a Nijar, tun shekarun 1980, suka daina tumɓuke tohon kututture a gonakinsu, suna zaɓar mai ƙarfi su rene shi, har miliyoyin itatuwa suka dawo, suna samun makamashi daga sassabe ba tare da sun kashe uwar ba. Yawancinmu muna da gonaki a bayan gari, ba abin da zai hana mu yin haka.

In za a tashi a kashe wutar sarai, a zuba ruwa ko a rufe da ƙasa. An taɓa yin gobara a wani gida a Madina da dare, da labari ya kai ga Annabi sai ya ce wuta maƙiyiya ce, in za a yi barci a kashe ta. Iskar hunturu ba ta bukatar fiye da tartsatsi guda. A rufe zaman kuma da addu'ar tashi daga majalisa, kamar yadda iyayenmu suke yi, don abin da harshe ya yi kuskure a kai.

Ɗana, kai da ka faɗi maganar nan, ban rubuta wannan don in tozarta ka ba. Na san mahaifinka, na san ba haka aka rene ka ba, na kuma ga tun ranar kai ma ba ka cika zama ba. Na je wurin Baffa shekaranjiya. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya lulluɓa da bargo, da ɗan kurfoti a gabansa, gawayin ya kusa cinyewa. Bai ambace ka ba, bai ambaci kowa ba. Tambayata kawai ya yi ko wane ya warke, ko matar wane ta sauka. Da na ce masa majalisa ta yi kewarsa, sai ya ce sanyi ne ya yi masa yawa bana. Ni da ku mun san ba sanyi ba ne.

Ranar Juma'ar nan in Allah ya kai mu, bayan sallar Isha'i, zan kawo dami biyu na busasshen marke da kwanon dankali. Kafin a kunna, ina roƙon Liman da Mai Unguwa, Allah ya ƙara musu girma, su shige mana gaba zuwa zauren Baffa. Ni zan fara ba shi haƙuri a kan shirun da na yi, sannan kai, sannan duk wanda ya yi dariya. Kai za ka ɗauko masa buzunsa ka shimfiɗa ta ɓangaren da iska ke fitowa. Idan ya zauna, zan roƙe shi ya ƙarasa mana labarin 1979 daga inda aka katse shi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
ɗanku, ɗan'uwanku, kuma baban wasunku a wannan majalisa.